Koren shayi mai tsada: ƙamshin da ake ta zuzutawa gaskiya ne ko zaƙin bakin 'yan kasuwa?

Wai me zai sa mutum ya zaro kuɗi masu kauri ya sayi ɗan ƙullin ganyen shayi giram 50, alhali da kuɗin nan zai iya sayen kwalayen ganyen da ake dafawa a majalisa ya sha wata da watanni har ya ba maƙwabta? Tambayar da ake ta yi ke nan tun da koren shayi ya shigo yayi, balle yanzu da matcha, wato garin koren shayi na Japan, ya cika TikTok da Instagram, kowa na ɗaga kofi kore shar yana hoto. Masu sayar da ganyen za ka ji suna cewa wannan ƙamshin fure yake, wancan garɗin soyayyen wake ne da shi, wani ma wai ƙamshin teku yake yi. Mutanenmu kuma da yawa sun riga sun yanke hukunci tuntuni, koren shayi magani ne, ɗaci ne da shi, daurewa ake a sha don tumbi ya sauka, duk wanda ya ce yana jin daɗinsa ba sukari to iyayi ne kawai.

Ni dai a nawa ganin ƙamshin nan da ɗanɗanon nan akwai su, kuma kowanne ana iya bin sawunsa har a gano inda ya samo asali, ko a gona ko a kasko ko a buta. Sai dai fa ba duk kuɗin da ake biya ne ke tafiya wajen ɗanɗano ba, wani kason kuɗin suna ne.

Bishiya ɗaya ce

Koren shayi da baƙin shayin da mai shayi ke haɗa maka da madara da burodi duk daga bishiya ɗaya suke fitowa, ita ce masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Zogale da na'ana'a da zoɓo da ake busarwa a ƙulla a leda a rubuta shayi a kai ba sa cikin wannan lissafin.

Abin da ya raba su shi ne me aka yi wa ganyen bayan an tsinko shi. Akwai wani sinadari a cikin ɗanyen ganye wanda da zarar an murza ganyen ya haɗu da iska sai ya fara rinar da shi zuwa ja, kamar dai yadda farin goro ke sauya launi in ka gutsura ka ajiye. Mai yin baƙin shayi barinsa yake ya rine sosai. Mai yin kore kuwa sauri yake ya kashe sinadarin nan da zafi tun ganyen bai juya ba. Shi ke nan fa. Amma irin zafin da aka yi amfani da shi, a nan ne kusan rabin labarin ƙamshi yake.

Kasko ko tururi

A ƙasar Sin galibi soya ganyen ake yi a busasshen kasko ko a injin da ke aikin kaskon. A Japan kuma turara shi ake. Wani abin mamaki, turarawar ita ce tsohuwar hanyar 'yan Sin ɗin, su suka fara ta, daga baya suka koma wa kasko, musamman bayan shekarar 1391 lokacin da sarkin da ya kafa daular Ming ya hana a riƙa kawo wa fada shayin da aka curo dunƙule-dunƙule, ya ce a kawo ganye a warwatse. Har yau akwai ragowar tsohuwar hanyar a Sin, shayin Enshi Yulu na lardin Hubei turara shi ake.

Mu ɗauki Longjing, wanda shi ne koren shayin da ya fi suna a Sin, ana noma shi a tsaunukan da ke kewaye da Tafkin Yamma a birnin Hangzhou na lardin Zhejiang. Mai suyar yana zaune ne gaban wani babban kasko mai santsi, ya ɗan shafa masa maiƙo kaɗan don kar ganye ya kama, ya watsa ɗanyen toho abin da bai wuce cikin tafi biyu ba, sannan ya sa hannunsa tsirara, ba cokali ba safar hannu. Ya kwaso ya watsa, ya kwaso ya watsa har tururin ganyen ya fita, sai ya fara dannawa da tafin hannu yana jan ganyen a jikin kaskon, yana ƙara nauyin hannu a hankali. In ya danna da wuri ruwan ganyen zai fito ya yi baƙi, in ya makara ganyen ya bushe ya karye. Ana sauke shi ya huce, a tankaɗe, a sake mayar da shi suya ta biyu da wuta ƙasa-ƙasa. Abin da ke fita shi ne ganye a baje, sumul, launinsa kore mai ratsin rawaya. Da can ma bayan an gama sai a zuba shi a tulu tare da ƙullin farar ƙasa wadda ba a jiƙa ba, ya yi kwanaki tana tsotse sauran laima, zafin wutar kuma ya kwanta, kafin a ce ya isa sha.

To suyar nan ita ke haifar da ƙamshin gashi. Zafi ya haɗa ɗan sukarin da ke cikin ganyen da sinadaran furotin, sai a samu wasu sinadaran ƙamshi da ake kira firazin, su ne dai ke fitowa a duk lokacin da aka soya gyaɗa ko aka gasa burodi. Shi ya sa 'yan Sin da kansu suke cewa Longjing mai kyau ƙamshin wake yake. Ruwansa ba ya yin kore sosai, fatsi-fatsi ne, ɗanɗanonsa kuma a kwance yake, sai ka haɗiye sannan wani zaƙi-zaƙi ya taso maka daga maƙogwaro. Wannan zaƙin na bayan haɗiya shi masu shayi a can suka fi kula da shi, kuma wallahi shi ne abin da sukari ke fara binnewa.

Biluochun kuma daban ne duk da shi ma kasko ne. Ana noma shi a tsaunin Dongting da ke bakin Tafkin Tai kusa da Suzhou, a tsakanin bishiyoyin 'ya'yan itatuwa, kuma tohon ƙanana ne sosai har sai an tsinko dubun-dubata kafin a haɗa rabin kilo. Murza shi ake ya nannaɗe, jikinsa duk farin gashi-gashi. In ka zuba shi a ruwa ka ga wata farar ƙura tana yawo, kar ka ce datti ne, gashin tohon ne, alamar ganye ƙarami. Ƙamshinsa ya fi karkata ga fure da 'ya'yan itace. Mutanen wurin suna danganta hakan da bishiyoyin da ke kewaye, ni dai na fi yarda cewa irin bishiyar shayin ne da ƙuruciyar ganyen da saurin suyar, amma labarin ya fi daɗin faɗa wa mai saye. A lardin Anhui akwai Huangshan Maofeng, da Taiping Houkui mai dogon ganye kusan tsawon yatsa wanda ake yaba shi da ƙamshin fure, da Lu'an Guapian wanda shi ba a ma sa toho a cikinsa sai ganye zalla kuma wutarsa ta fi ƙarfi. A 2022 hukumar UNESCO ta sa dabarun sarrafa shayi na gargajiya na Sin a jerin al'adun da ake karewa.

Yanzu tsallaka Japan. Sencha shi ne shayin yau da kullum a can, kuma hanyar yinsa ana danganta ta ga wani manomi mai suna Nagatani Soen a yankin Uji kusa da Kiyoto, a 1738. Ana tsinko ganye a kai shi injin tururi a ranar, a turara shi na daƙiƙu, sannan a bi shi da murza mataki-mataki yana bushewa har ya zama siri-siri kamar allura, kore mai duhu yana sheƙi. Tunda bai ga busasshiyar wuta ba a farko, ƙamshin ɗanyen ganye yana nan bai gudu ba, shi ne ƙamshin ciyawar da aka yanka yanzu-yanzu, ko alayyafon da aka turara. Ruwansa kore ne na gaske.

Kuma ko a turarawar akwai hawa-hawa. Wanda aka turara kaɗan, wajen rabin minti, ganyensa na nan da siffarsa, ruwansa garai-garai, ƙamshinsa na tashi. Wanda aka daɗe ana turarawa, minti ɗaya zuwa biyu, wanda suke kira fukamushi kuma ya yi ƙarfi a lardin Shizuoka, ganyensa ragargajewa yake ya zama kamar ɓurɓushi, ruwansa ya yi kauri ya yi duhu, baurinsa ya ragu. Mutum in bai sani ba zai buɗe ledar ya ga gari-gari ya ce an cuce shi, alhali haka aka so shi. Don haka maganar da ake yawan yi cewa duk ganyen da ya karye na banza ne, a shayin Sin tana da ƙamshin gaskiya, a na Japan ba kullum ba.

Ɗaci daban, bauri daban, garɗi daban

Abubuwa uku ne ke kokawa a cikin kofin koren shayi. Akwai kafeyin, shi ke da ɗaci, shi ne kuma ke hana barci, e, koren shayi ma yana da shi, masu cewa babu ba su faɗi daidai ba. Akwai katekin, dangin sinadaran da ke kawo bauri, wannan abin da ke kama maka harshe da dasashi ka ji bakinka ya bushe. Sai na uku, sinadaran amino, babbansu shi ne tiyanin wanda wani masani ɗan Japan Yajiro Sakato ya gano a ganyen shayi a 1949, tare da gulutamet. Su ke kawo zaƙi-zaƙi da wani garɗi mai cika baki da Japanawa ke kira umami.

Umamin nan ba baƙo ba ne a wurinmu ko kaɗan. Shi ne ɗanɗanon da daddawa ke ba miya, shi ne na romon nama, shi ne na farin magi. Hasali ma farin magin daga can ya samo asali, Kikunae Ikeda ne ya gano gulutamet a romon ciyawar teku a 1908, daga nan aka kafa Ajinomoto. To ka ƙaddara shayi ne amma da ka kurɓa sai ka ji kamar romo, ba gishiri ba mai. Mutane da yawa in suka fara ɗanɗana shi turus suke yi, don harshe bai saba jin wannan a cikin shayi ba.

Duk ƙoƙarin manomin shayi mai tsada shi ne ya ɗaga na ukun nan ya danne na biyu.

Rumfa

Tiyanin a saiwar bishiya ake ƙera shi, ya hau zuwa sabon toho. In rana ta bugi ganyen sai bishiyar ta riƙa juya shi zuwa katekin. Wato rana ke cinye zaƙin ta mayar da shi bauri. Da Japanawa suka gane haka sai suka ce to bari mu hana ganyen ganin rana. Kimanin kwana 20 kafin tsinka ake kafa rumfa a kan gonar, da can da asabari da karan shinkafa, yanzu galibi da baƙar raga, a toshe mafi yawan hasken. Ganyen sai ya yi laushi, ya ƙara duhun kore don yana fafutukar kama ɗan hasken da ya rage, tiyaninsa kuma ya tsaya bai juya ba. Abin da ake samu shi ne gyokuro, wanda aka fara yi a 1835, kuma yankunan Uji da Yame na lardin Fukuoka suka yi suna da shi. Wanda aka rufe na wajen mako guda kawai shi ne kabusecha, yana tsakiya.

Rumfar nan tana kawo wani ƙamshi nata na musamman, daga wani sinadari dangin farar wuta, irin wanda ke cikin busasshiyar ciyawar tekun da suke naɗe shinkafa da ita. Wannan ne ƙamshin tekun da 'yan talla ke faɗa. Gaskiya ba kowa zai so shi ba, Bahaushe da yawa zai ce ƙarni-ƙarni yake ji, kuma ba laifi ba ne, ko a cikin masu shan shayi na duniya akwai waɗanda ba sa shiri da gyokuro. Ba a ma shansa a babban kofi, ɗan mitsitsin kofi ne, kurɓa biyu uku, ruwan ɗumi-ɗumi mai kauri.

A Sin akwai wanda ya sami irin wannan ba tare da rumfa ba, Anji Baicha na Zhejiang. Irin bishiyar ne ke fitar da toho fari-fari a sanyin farkon bazara, mai yawan amino, in gari ya ɗumama ya koma kore ya zama kamar kowane ganye. Makonni kaɗan ne kacal ake da su.

Ranar tsinka, da inda kuɗin suna ke shigowa

Bishiyar shayi a waɗannan ƙasashe barci take yi lokacin hunturu, tana tara abinci a saiwa. Tohon farko da ya fito a bazara shi ke kwashe wannan ajiyar, ga sanyi bai bar shi ya girma da sauri ba, ga rana ba ta yi ƙarfi ba. Na biyu da na uku da ake tsinka cikin zafi sun fi girma, sun fi bauri, sun fi araha. Wannan gaskiya ne, harshe na iya shaida shi.

Amma sai kasuwa ta ɗora nata a kai. A Sin akwai bikin Qingming da ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu, duk shayin da aka tsinka kafin ranar farashinsa a sama yake, kwana kaɗan bayanta ya faɗo warwas, alhali bishiya ba ta duba kalanda. Shayin da aka tsinka mako ɗaya bayan bikin sau da yawa ya fi cika baki, wasu tsofaffin mashaya ma shi suka fi so. Da yawa daga na kafin bikin don kyauta ake saya a kai wa manya, abin da ake biya shi ne a ce ka kawo na farko. A Japan ma akwai nasu, dare na 88 daga farkon bazara, wajen 2 ga Mayu, da sabon shayin shekara da suke kira shincha.

Sai batun wuri. Yankin da doka ta yarda a kira shayinsa Longjing na Tafkin Yamma ƙarami ne, amma abin da ake sayarwa da sunan a duniya ya ninka abin da wurin zai iya fitarwa. Akwai wani irin bishiya, Wuniuzao, da ke toho da wuri, ana soya shi a baje shi ya yi kama da Longjing a kai kasuwa tun na gaskiyan bai fito ba. Ido ba ya rabewa sosai, baki ne ke ganewa, don shi ba shi da zurfi. To masu cewa harkar nan akwai yaudara ba su yi ƙarya ba. Inda na rabu da su shi ne in suka ce duk ɗaya ne. Tsakanin ganye mafi ƙarancin daraja da na tsakiya mai kyau tazarar babba ce, ko wanda bai taɓa sha ba zai ji. Tsakanin na tsakiya mai kyau da na can ƙololuwa kuwa tazarar ɗanɗano 'yar kaɗan ce, ta farashi ce ke da faɗi.

To ina shayinmu na buta ya tsaya?

Abin da mutane ke mantawa, mu fa tsofaffin mashaya koren shayi ne. Shayin Buzaye, wanda wasu ke kira ataya, da ake dafawa a kan gawayi daga Agadas zuwa Damagaram zuwa fadojin samari a Yamai da majalisun Kano da Katsina, koren shayin Sin ne ganye a warwatse. Lambobin nan da ke jikin kwali, 41022 ko 4011, darajojin wani shayi ne mai suna chunmee, 3505 kuma na mai dunƙule-dunƙule ne kamar harsashi. Ta Maroko ya bazu a ƙarni na 19, fatake suka tsallako Sahara da shi, har yau kuma Maroko ce kan gaba wajen sayen koren shayin Sin, ƙasashen Afirka ta Yamma na biye.

Wannan ganyen girmansa ya kai, an soya shi sosai, an murza shi tam, an yi shi ne don ya jure doguwar tafiya da doguwar tafasa. Ana ɗauraye shi, a dafa shi ya daɗe a wuta, a zuba sukari ba tausayi, a yi ta ɗaga buta ana tsiyayawa daga sama har kumfa ta tsaya a kofi, a sha na ɗaya mai ƙarfi, na biyu, na uku da na'ana'a. Baurin da ɗacin su ake nema, sukarin ke riƙe su. Tsari ne cikakke mai zaman kansa kuma ni ban ga abin rainawa a ciki ba. Matsalar tana zuwa ne in aka ɗauko ganyen da aka yi don a kauce wa bauri aka bi da shi ta wannan hanya. Ka sa Longjing a buta a kan gawayi minti goma, ka ƙona kuɗinka, abin da za ka samu ma bai kai chunmee daɗi ba don ba shi da ƙwarin da zai ɗauki sukari. Ɗaurayar farko da muka saba zubarwa kuwa, a ganye mai kyau ita ke tafiya da zaƙin.

Ruwa ne alƙali

Sinadaran amino suna narkewa ko a ruwa mai ɗumi, har ma a ruwan sanyi. Katekin da kafeyin kuwa sai ruwa ya yi zafi sosai suke fitowa da yawa. Duk sirrin haɗa koren shayi a nan yake. Gyokuro digiri 50 zuwa 60, a bar shi kamar minti biyu. Sencha 70 zuwa 80, minti ɗaya ya isa, fukamushi ma bai kai haka ba. Longjing da danginsa wajen 80, kuma a Hangzhou a kofin gilashi kawai suke zubawa suna kallon ganyen na sauka, in ruwan ya yi ƙasa a ƙara wani. Ba sai kana da ma'aunin zafi ba, ka tafasa ruwan, ka juye a wani kofi, ka sake juyewa a wani, kowace juyawa tana rage zafin, ko ka bar shi a buɗe 'yan mintuna. Ganye mai kyau yana ba da zubi uku, wani har huɗu, kuma kowane zubi da kalar ɗanɗanonsa, in ka raba kuɗin a kan haka tsadar tana ɗan sauka.

Wanda ke shakka ya gwada da ganyen da ke gidansa, ba sai ya sayi komai ba. Cokali ɗaya na chunmee a kofi biyu, ɗaya ka zuba tafasasshen ruwa ka bar shi minti biyar, ɗayan ka bar ruwan ya ɗan huce ka tace bayan minti ɗaya da rabi, duka ba sukari. Na farkon zai ɗaure maka baki. Na biyun za ka ji ɗan tsami-tsami da ɗan ƙamshin hayaƙi da ba ka taɓa sanin yana ciki ba.

Irin ruwan ma da magana. Ruwan burtsatse mai nauyi, wanda ke barin farin dabbare a gindin buta, yana dushe ƙamshi ya sa shayin ya yi duhu, na famfo mai warin kulorin shi ma haka. Ruwa mara nauyi ya fi.

Maganar tumbi

A taƙaice, shan koren shayi ba ya narkar da tumbi yadda ake tallatawa, tasirinsa kan nauyin jiki kaɗan ne ƙwarai in ma akwai. Yawancin shayin rage ƙiba da ake sayarwa a intanet haɗi ne, wasu da filasko a ciki, gudawa yake sa mutum ya ɗauka ƙiba ce ke fita. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce shan shayin yadda aka saba galibi ba shi da matsala, amma ƙwayoyin da aka tattara sinadarin EGCG, ɗaya daga cikin katekin, a ciki, daga miligiram 800 a rana, ana danganta su da alamun wahalar hanta. Mai ƙarancin jini ya raba shayi da lokacin cin abinci don yana rage shigar sinadarin ƙarfe a jiki, mai juna biyu kuma ta kula da yawan kafeyin. Illar da wannan talla ta yi ita ce ta sa mutane sun ɗauka in bai yi ɗaci ba bai yi aiki ba, sai su yi ta tafasa shi.

Zafinmu da ajiya

Koren shayi ba ya son tsufa. Haske, zafi, laima da iska duk maƙiyansa ne, kuma yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. Wannan halin nasa ne ma ake amfani da shi wajen yin shayin yasmin a Fuzhou da Guangxi, a shimfiɗa ganye a cakuɗa shi da furanni da daddare lokacin da suke buɗewa, da safe a tsince furen a zubar, a maimaita dare da dama, har ya zama mai kyan ba ka ganin fure ko ɗaya a ciki sai ƙamshi. To ganyen da ya iya haka, ka ajiye shi a kicin kusa da yaji da daddawa, ko a ɗakin da ake turaren wuta, ka san abin da za ka sha. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ledar da aka buɗe ba ta daɗewa, ƙamshin zai tafi ya bar warin busasshiyar ciyawa, koren ya koma ruwan ƙasa. Firji na taimakawa in ledar a like take, amma in ka fito da ita ka bari ta huce kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a ganyen, ga kuma halin wutar lantarkinmu.

Wannan ne ya sa nake ganin da yawan waɗanda suka sayi mai tsadar a nan suka ce ba su ji komai ba, gaskiya suka faɗa. Ganyen ya kwana a jirgi, ya kwana a sito, ya yi wata da watanni a kan kanta cikin kwalbar gilashi rana na dukansa.

Me yayin matcha zai jawo?

Matcha gari ne, ba ya cikin ganyen da muke magana, amma daga gona ɗaya suke. Ana niƙa shi ne daga tencha, ganyen rumfa irin na gyokuro wanda ba a murza ba. Tun ƙarshen 2024 buƙatarsa ta yi yawa har tsofaffin kamfanonin Kiyoto irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka taƙaita yawan da mutum ɗaya zai saya. Manoma da dama sun fara juya gonakin sencha zuwa tencha don can kuɗin yake, ga manoman shayin Japan yawancinsu sun tsufa, ga sabuwar bishiya sai ta yi shekaru kafin a fara tsinkarta. Abin da hakan ke nufi shi ne sencha da gyokuro masu kyau za su ƙara tsada, mu kuma ga canjin dala a kai. Na Sin ya fi sauƙin samu tunda 'yan kasuwarmu na zirga-zirga can, kuma akwai na Biyetnam daga Thai Nguyen da na Koriya daga Boseong da Hadong ga wanda ya samu hanya. Shayin buta na majalisa wannan guguwar ba ta shafe shi kai tsaye ba, layinsa daban.

Wanda zai saya, ya sayi kaɗan, giram 25 ko 50, abin da zai shanye cikin wata ɗaya zuwa biyu. Ya duba ko an rubuta shekarar tsinka da sunan yankin, ranar lalacewa kaɗai ba ta gaya maka komai. Leda mai kauri wadda haske ba ya ratsawa, a like. In mai kanti ya yarda a buɗe, ka ɗumama kofi da ruwan zafi ka zubar, ka jefa ganyen a ciki ka rufe da hannu ka shinshina, sabo zai taso maka nan take, tsoho kuma shiru za ka ji. Wanda harshensa ya saba da shayin gawayi zai fi saurin shiri da na kasko irin Longjing ko hojicha na Japan da aka gasa har ya yi ja, kafin ya je ga sencha, gyokuro kuma a bar shi sai daga baya.